Jama'a wannan fallen ƙarfen da maganadisu ya ƙi kamawa, silba ne ko me?

Auwal Walda: Slm jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina neman masana su taimaka min. Shekaranjiya na sayi tarkacen ƙarfe wajen wani mai gwangwan da ya kwaso kayan wani tsohon sito can ɓangaren Kakuri, a ciki akwai falle guda shida launinsu toka-toka ba wani ƙyalli sosai, sai guntun filet mai kauri guda ɗaya. Ni na ɗauka silba ne, wato ƙarfen nan da baya tsatsa (stainless), shi yasa ma na saya don ina da aikin teburin mai shayi. To abin da ya ɗaure min kai basu da nauyin silba, kuma ba alminiyam bane don sun fi shi nauyi da tauri nesa ba kusa ba. Na sa maganadisu bai kama ba. Da na ɗora giranda kuwa wlh tartsatsin da ya fito fari ne fat kamar walƙiya har yaran shago suka ja da baya. Shekarata goma sha ɗaya a kasuwar Panteka ta Kaduna ban taɓa ganin irinsa ba.

Alhaji Gwangwan: Wslm. Alminiyam ne mai tauri, ana samun irinsa jefi-jefi. Kada ka wahalar da kanka, ka sa yaro ya kawo min gobe da safe in auna in baka kuɗinka.

Ɗan Barnawa: Hhhh Alhaji ko hoto baka gani ba har ka yanke hukunci kuma har ka saye

Baba Maƙeri T/Wada: Alhaji ka ji tsoron Allah. Tun yaushe alminiyam ya fara tartsatsi a giranda? Alminiyam liƙewa yake a jikin dutse ya toshe shi. Auwalu ɗana kada ka kai ko'ina tukunna. Silba ma maganadisu baya kama mai kyan, amma tartsatsinta ja-ja ne kuma ba yawa. Fari fat ɗin nan da ka ce shi ne ban gane ba.

Alhaji Gwangwan: Baba ai taimakonsa zan yi

Zainab ABU: Sannunku iyayena. Yaya Auwal in ba damuwa ka auna min falle ɗaya, tsawo da faɗi da kauri, sannan ka ɗora shi a sikeli ka faɗa min kilo nawa ne. Da wannan kaɗai za mu rage gardama.

Auwal Walda: Toh ƙanwata bari in aro sikelin maƙwabcina

Auwal Walda: Tsawo mita ɗaya cif, faɗi santimita 50, kauri mili 2. Sikeli ya nuna kilo 4 da rabi. Na sake ɗorawa sau biyu haka ya bani.

Zainab ABU: Allahu Akbar. Yaya Auwal inaga taitaniyam ne a hannunka. Ga lissafin kowa ya duba: 100 sau 50 sau 0.2 ya bada 1000, wato girman fallen nan daidai yake da lita ɗaya. Lita ɗaya ta alminiyam kilo 2.7 ce, ta ƙarfe ko silba kusan kilo 8 ce, ta taitaniyam kuma kilo 4.5. Ga farin tartsatsi ga maganadisu ya ƙi. Saura gwaji ɗaya mai sauƙi, ka jiƙa gilashi ko kwalba ka goga gefen fallen a kai da ɗan ƙarfi, in shi ne zai bar zane mai launin toka kamar na fensir wanda baya goguwa da hannu.

Ɗan Barnawa: Taitaniyam?? Irin na iPhone? Auwal ka warke, ka tuna da mu

Auwal Walda: Na goga a kwalbar lemo, ya yi zane kuwa, na sa tsumma ya ƙi fita

Alhaji Gwangwan: To ko ma menene ai a kilo ake sayarwa

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum. Yanzu na dawo daga masallaci na tarar da saƙonni. Lissafin yarinyar nan daidai ne, Allah ya yi miki albarka. Auwalu abu na farko, ka tabbata wanda ya sayar maka ya samu kayan ta hanyar halal, ka riƙe lambarsa, don irin wannan ba a tsintarsa a bola haka kawai. Na biyu, ka daina ɗora masa giranda barkatai. Na uku ka wanke fallen da omo da ruwa ka duba jikinsu a rana, masu yinsa suna buga rubutu da tawada, in Allah ya sa bai goge duka ba za ka ga wasu lambobi. Su nake so ka karanto min.

Auwal Walda: Ranka ya daɗe mutumin na san shi shekara da shekaru, gwanjon kayan sito aka yi ya saya da takarda. Amma gsky akwai abin da ban faɗa ba don kunya. Jiya kafin in yi tambaya na sa yarona ya yanki ɗan gefe ya gwada ɗana shi da ƙarfen angil da ilaktirod ɗin silba. Ya kama kamar gaske, da ya huce na ɗan taɓa da guduma sai ya ɓalle ƙas kamar an fasa tangaran, wurin ya yi fari-fari kamar gari. Kuma bit biyu na ƙona wajen huda shi.

Baba Maƙeri T/Wada: Kai Auwalu. Ka fara aiki sannan ka zo tambaya.

Injiniya Kabiru: Ba kai ne farau ba, ni ma na ga ƙwararrun masu walda sun yi wannan kuskuren a wurin aikinmu na da. Bari in yi bayani a hankali don abin yana da ban mamaki. Shi taitaniyam a sanyi ba abin da ya kai shi haƙuri, ka jefa shi a ruwan gishiri ka dawo bayan shekaru ka same shi yadda ka bar shi. Dalili shi ne da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata 'yar fata siririya da ido baya gani, ita ke tsare shi, ko ka karce shi nan take take sake rufewa. Amma da ya ɗauki zafi sosai sai ya zama mayunwaci, ya dinga zuƙar oksijin da naitirojin daga iska, su kuma su mai da shi mai gautsi. Farin garin da ka gani alamar ya ƙoshi da iska ne, wurin ya mutu, sai dai a yanke a zubar. Sannan shi da ƙarfe basa haɗuwa ta narkewa, in suka cakuɗu abin da suke haifarwa gautsi ne zalla. Ko da wace irin ilaktirod ka zo haka za a yi.

Injiniya Kabiru: Waldarsa da injin TIG ake yi, wato mai tocin da ke hura iskar agon mai tsabta ta kare waldar daga iskar waje, kuma ba bakin tocin kaɗai ba, dole agon ya rufe bayan aikin ta ƙasa, ya kuma bi sawun waldar har ta huce. Wayar cikon ma taitaniyam ce. Hannu da maiƙo baya taɓa wurin, burushin da ya taɓa ƙarfe baya taɓa shi. In an gama launi ke ba da shaida: fari kamar azurfa ya yi kyau, ruwan ƙasa-ƙasa mai haske kamar kara ana karɓa, shuɗi ko shunayya akwai matsala, toka ko fari mai gari kuwa a sake lale.

Oga Sunday Argon: Gaskiya ne Injiniya. Ni ina TIG a Sabon Tasha, silba da alminiyam nake yi kullum, sau ɗaya aka taɓa kawo min salansar babur na taitaniyam ta tsage. Na ce abu mai sauƙi ne. Na yi ta fito shuɗi mai kyau har ina ɗaukar hoto ina jin daɗi, bayan sati biyu mai babur ya dawo da ita a buhu. Daga baya na gane ban sa gas ta ciki ba. Shuɗin da nake yi wa murna ashe shi ne ciwon.

Ɗan Barnawa: To wai in abin da wahala haka me yasa ake ta zuzuta shi? Ni dai na ji ance ya fi kowane ƙarfe ƙarfi a duniya, harsashi ma baya huda shi

Zainab ABU: Wannan zancen talla ne Yaya. Akwai ƙarafa da suka fi shi ƙarfi, har da irin wanda ake sifirin ɗin mota da shi. Abin da ya fi su shi ne ƙarfi idan aka kwatanta da nauyi. Kuma shi ma kala-kala ne, ana ce musu gired. Gired 1 zuwa 4 kusan zalla ne ba haɗi, gired 2 shi ne aka fi samu a falle, ƙarfinsa kusan ɗaya da ƙarfen da kuke ƙofa da shi, mafi ƙarancin abin da aka yarda masa 345 ne a ma'aunin megafaskal. Gired 5 kuma an haɗa shi da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4, shi yana kai 895, kaga ya ninka sau biyu da rabi kenan kuma nauyin kusan ɗaya. Shi ne na jirgin sama, shi Apple suka sa a gefen iPhone 15 Pro a 2023.

Ɗan Barnawa: To Allah ya sa na Auwal gired 5 ne

Baba Maƙeri T/Wada: Ni duk wannan lambobin ba su dame ni ba. Tambayata ɗaya ce, yana ƙeruwa? In na sa shi a wuta ya yi ja na ɗora a maƙera zai bi guduma ko zai yi min taurin kai? Don ƙarfen da ba zai zama fartanya ko wuƙa ba ni a wurina ado ne. Mu da muka gaji sana'ar nan tun kakanni sifirin ɗin tsohuwar mota ya ishe mu komai.

Injiniya Kabiru: Baba zai bi guduma in ya yi zafi, amma wutar gawayi a fili za ta ɓata masa fata kamar yadda na faɗa. Kuma wuƙarsa ba za ta yi maka daɗi ba, baya riƙe kaifi kamar sifirin, nan kam ƙarfenka ya fi. Narkar da shi kuwa a manta, sai digiri 1668, alminiyam da masu tukwane ke zubawa a Panteka 660 ne kawai, ƙarfe ma bai kai shi ba. Ko an kai zafin a fili ƙonewa zai yi ba narkewa mai amfani ba.

Baba Maƙeri T/Wada: To kun ji. Ado ne.

Sadiq Kawo: Baba da girmanka amma ba ado bane, da shi nake tafiya yanzu haka. Shekara uku kenan da na yi haɗari a hanyar Zariya ƙashin ƙaurina ya karye biyu, likita ya nuna min 'yar farantin da za a sa min da kusoshinta kafin a shiga tiyata, na riƙe ta a cikin ledarta ba nauyi kamar cokalin shayi. Ya ce akwai ta silba akwai ta taitaniyam, ta biyun ta fi tsada amma jiki ya fi karɓarta kuma in an zo hoton MRI bata cika kawo matsala ba. 'Yan uwa suka yi karo-karo aka sa min ita. Har yau tana ciki, da sanyin hunturu ina ɗan jin wurin amma ƙwallo kaɗai na bari.

Baba Maƙeri T/Wada: Allah ya ƙara lafiya ɗana. Wannan kam na sallama, ban san har cikin mutum yake shiga ba.

Zainab ABU: Amin. Wani likita ɗan Suwidin mai suna Branemark ne ya lura da abin a 1952, ya sa ɗan taitaniyam a ƙashin zomo don wani bincike daban, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashin ya manne da shi ya ƙi rabuwa. Daga nan aka samo dashen haƙori na zamani, na farko a jikin mutum a 1965.

Maman Khalifa: Ni tambayata ta kicin ce ku yi haƙuri. Tunda baya tsatsa me zai hana Auwal ya yi mana tukwane ko farantin gashi da shi? Wata a unguwarmu ta sayar min da kaskon suya wai taitaniyam ne kuɗi masu yawa, wata shida baƙin ya fara ɓarewa sai ga alminiyam a ƙasa, na koma ta ce wai ni ce na kankare da soson ƙarfe

Oga Sunday Argon: Madam wannan fenti ne kawai aka ɗan barbaɗa masa suna

Injiniya Kabiru: Hajiya ko na gasken aka baki ba za ki ji daɗinsa ba. Taitaniyam rowar zafi gare shi, inda wuta ta taɓa nan zafin yake tsayawa baya yaɗuwa, alminiyam ya fi shi watsa zafi wajen sau goma. Tuwo zai kama a tsakiya gefe bai dahu ba. Masu hawan duwatsu a Turai suna sayen 'yan kofunansa don rashin nauyi ne, ruwa kawai suke tafasawa. Kuma wannan rowar ita ta ƙona wa Auwalu bit, zafin hudar baya shiga cikin fallen sai ya taru a bakin bit ɗin. Maganinsa bit mai kaifi, a rage gudun diril sosai, a danna da ƙarfi kada a bari yana shafa wurin a banza, a dinga zuba ruwan sanyaya. In ka bari ya yi ta gogawa wurin ƙara tauri yake.

Auwal Walda: Wlh haka aka yi, yaron ya sa gudu na ƙarshe bakin bit ya yi ja

Injiniya Kabiru: Sannan lanƙwasa. Yana da dawowa kamar sifirin, in ka lanƙwasa shi zuwa inda kake so ka saki sai ya ɗan buɗe, fiye da yadda ƙarfe ke yi, don haka sai an wuce da shi kaɗan, kuma baya son lanƙwasa mai kaifi, tsagewa yake. Abu mafi muhimmanci kuma wanda nake so duk masu shago su ji: garinsa da ɓarɓashinsa suna kama wuta. Fallen kansa ba komai, amma ƙurar giranda da tarkacen diril in suka taru tartsatsi ya faɗa, wuta ce fara mai zafin gaske kuma in ka watsa ruwa ƙara haukacewa take. Busasshen yashi ake zubawa. Ka sa a share wurin da kuka yi aikin jiya, kada a haɗa da tsummokaran mai.

Admin: Wannan saƙon na Injiniya na maƙala shi a sama, kowa ya karanta. Panteka ta ga gobara iri-iri bama fatan ƙari.

Alhaji Gwangwan: Kun gani ko, baya walduwa baya narkewa baya girki ga haɗarin gobara. Auwal ni zan rabaka da wahala, na ƙara maka kaɗan a kan kuɗin alminiyam

Ɗan Barnawa: Alhaji baya gajiya hhhh

Auwal Walda: Injiniya na wanke. Huɗu ba komai ya goge, amma biyu akwai rubutu dishi-dishi, na ga B265 sai GR 2 sai wasu lambobi masu tsawo da ban iya karantawa ba. Filet ɗin mai kauri mili 6 ne shi babu rubutu.

Zainab ABU: Shikenan magana ta ƙare. ASTM B265 ita ce ƙa'idar da ake yin falle da filet na taitaniyam a kanta, GR 2 kuma gired 2. Dogayen lambobin inaga lambar narkin da aka zubo shi ce, da ita ake bin asalinsa. A ƙa'idar ma abin da bai kai mili 4.75 ba shi ne falle, daga nan zuwa sama filet ne, kaga mai mili 6 ɗin ya shiga filet.

Ɗan Barnawa: Kash, ba na jirgi bane kenan. Auwal ka fasa sayen mota

Injiniya Kabiru: Kada ku raina gired 2, shi ne jakin masana'antu. Na jirgi suna ne da shi, Boeing 787 wajen kashi 15 cikin 100 na nauyinsa taitaniyam ne, amma a ƙasa inda ake fama da gishiri da sinadarai masu cin ƙarfe gired 2 ke aikin. Masana'antar da ke yin kulorin, tankunan bilicin, kwandunan da ake sa wa a wurin yi wa ƙarfe rufin nikel, na'urorin sanyaya da ke jan ruwan teku a matatun mai da jiragen ruwa da dandamalin haƙo mai. Silba da kuke gani tana da kyau amma ruwan gishiri mai ɗumi yana yi mata ƙananan ramuka kamar cin zago har ta huje, shi kuwa ko a jikinsa. Na taɓa buɗe wata na'urar musayar zafi da ta shekara da shekaru tana aiki, murfinta na ƙarfe ya ci ya zama kamar gurasa, robobin sun ƙeƙashe, amma faranten ciki da ba su kai mili ɗaya ba muka wanke su da ruwa suka fito kamar jiya aka kawo. Tun ranar nake girmama shi. Tunda ka ce daga Kakuri kayan suka fito zato na ke nan ajiyar gyaran wani sashen bilicin ko rini ne, zato ne dai.

Sadiq Kawo: Wato ruwan teku da ake tacewa a Saudiyya ma da shi ne?

Injiniya Kabiru: Ƙwarai, manyan tashoshin tace ruwan teku irin na Jubail sun yi amfani da bututunsa masu yawan gaske. Kuma inda ake son babban tanki mai kauri ba a yinsa da taitaniyam zalla don tsada, sai a ɗauki filet ɗin ƙarfe a shimfiɗa siririn falle a kai a manne su da fashewar nakiya, ƙarfin bugun ke haɗa su ba tare da narkewa ba. Ciki taitaniyam waje ƙarfe. Amma shi ma yana da abokan gaba, kulorin mai danshi baya masa komai, busasshen kulorin kuwa kama wuta yake da shi, akwai kuma asid na fulorin da ke cinye shi.

Baba Maƙeri T/Wada: Walda da nakiya. Duniya da faɗi.

Malam Nura Rigasa: Ina ta karatu ban ce komai ba. Abin da ke cina shi ne, wai ba mu da shi a ƙasar nan ne? Don ni na yi aikin kuza a Jos da ƙuruciya, akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke fita wajen wanki muna turewa gefe, daga baya na ga ana zuwa ana saye a buhu ana cewa ilmanait, wani ya ce min taitaniyam ne a ciki

Zainab ABU: Gaskiya ya faɗa maka Malam, ilmanait da rutayil su ne duwatsunsa, kuma ba abu ne mai wuyar samu ba, shi ne na tara a yawa a cikin ɓawon ƙasa. Saliyo ma ta yi suna da rutayil. Wani limamin coci a Ingila William Gregor ne ya fara gano shi a baƙin yashi a 1791, Bajamushe Klaproth ya raɗa masa suna a 1795, amma sai wajen 1940 William Kroll ya fito da hanyar da ake bi har yau. Tsadar a rabo shi da oksijin take. Sai an haɗa dutsen da kulorin da gawayin kok a zafi ya zama wani ruwa, a tace ruwan, a haɗa shi da maginiziyam a rufaffiyar tukunya ba iska na kwanaki, ya fito kamar soso, a farfasa soson a matse a narkar a tanderun da aka zuƙe wa iska, galibi sau biyu ko uku, sannan a fara maganar murza shi ya zama filet da falle. Kowane mataki wutar lantarki yake sha. Shi yasa ƙasashe kaɗan ke yi, Chana ce kan gaba sai irin su Japan da Rasha da Kazakistan.

Malam Nura Rigasa: Wuta kuma. To mu da ko Ajakuta bata tashi ba

Ɗan Barnawa: Malam kada ka tayar mana da hawan jini da daren nan

Zainab ABU: Amma fa kusan kowa a nan yana da shi a gida. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dutsen da ake haƙowa ba ƙarfe ake yi da shi ba, farar hoda ake yi, ita ce farin da ke cikin fenti da roba da takarda har da wasu man goge baki.

Maman Khalifa: Ikon Allah, ashe bangon ɗakina ma taitaniyam ne, to na huce da kaskon

Admin: Mu dawo kan Auwal jama'a. Shawara yake nema, ya sayar ko ya riƙe?

Oga Sunday Argon: Ni dai ya bar min falle ɗaya in saya in koyi waldarsa da kyau, in yanka siri-siri daga jikinsa in yi wayar ciko tunda gired ɗaya ne. Masu manyan babura suna zuwa da salansa ina mayar da su.

Alhaji Gwangwan: Maganar gaskiya yanzu ba wasa. Mu nan ba mu da mai narka shi, duk wanda ya saya a kilo sai ya tara ya tura Legas ko ya jira mai fitarwa waje, kuma kilo talatin ba kaya bane da za a yi wa wannan wahalar. Shi yasa na ce kuɗin alminiyam da ɗan ƙari. Ba cuta bace.

Injiniya Kabiru: Yanzu ka yi magana Alhaji, kuma haka ne in a matsayin gwangwan za a sayar. Amma falle lafiyayye mai rubutu a jiki ba gwangwan bane, kaya ne. Matsalar kawai babu takardar shaidar masana'anta, don haka babban kamfani ba zai sa shi a tankin da ke ɗaukar matsi ba, amma masu ƙananan aikin sinadarai, masu haɗa bilic, masu rufin ƙarfe, ko sashen koyarwa a jami'a ko kwalejin fasaha ta Kadpoly za su so shi. Auwalu kada ka ƙara yanka biyun nan masu rubutu, ka jingine su a busasshen wuri ka sa kwali a tsakani, kada ka bari ƙurar ƙarfe ta zauna musu. Ranar Asabar bayan azahar zan shigo Panteka in gani da idona, musamman mai kaurin, don shi ba mu san gired ɗinsa ba.

Auwal Walda: Na gode ranka ya daɗe Allah ya saka da alheri, ina nan ina jira. Oga Sunday ka zo ka ɗauki wanda muka riga muka yanka mu yi ciniki. Teburin mai shayi kuma bari in je in nemo silbar gaske tunda na ci kuɗin mutum.

Baba Maƙeri T/Wada: Auwalu guntun da ya ɓalle jiya kada ka yar. Ka yanko ƙarfe da silba daidai girmansa, ka huda su ka ɗaure da igiyar roba ka sa a gwangwanin ruwan gishiri mai kauri ka ajiye bayan shago. Duk abin da suka faɗa na ji, amma ni sai na gani. Mu buɗe bayan damina.

Zainab ABU: Baba ai kai ne farfesan. Yaya Auwal kowanne da gwangwaninsa daban fa, in suka taɓa juna a ruwa ɗaya ƙarfen zai fi saurin ci gwajin ya ɓaci, kuma robar fenti ta fi gwangwani.

Auwal Walda: An gama Baba. Robobi uku, gishirin ɗari biyu, na rubuta kwanan wata a murfi. Mai kaurin ne dai har yanzu ban samu bit ɗin da zan taɓa shi da shi ba.

Injiniya Kabiru: Kada ka taɓa shi. Asabar.